Albasar Fure Ta Ƙasar Holan, Da Cinikin Abin Da Ido Bai Gani Ba

 Zancen yau a kan wata albasa ne wadda ba a yanka ta a miya, amma kuwa an gina gidaje da garuruwa da kuɗinta. Turawa suna kiranta tulif. Ga siffa ba ta wuce ƙaramar albasa ba, da ɓawo ruwan ƙasa mai santsi. In ta tsiro sai ta fid da ganye biyu ko uku masu faɗi, da kara guda, a kan karan kuwa fure ɗaya mai kama da finjali, ja ko fari ko rawaya ko shuɗi-shuɗi. Furen nan ne a kan cire da karansa, a ɗaure goma goma, a kai kasuwa, mai gida ya saya ya sa a kwalba da ruwa, ya yi kamar mako guda ya yi yaushi, a zubar.

Wanda ya ji wannan zai ce ai wasan masu ƙoshi ne. To, amma ɗan kasuwa ya kamata ya tsaya ya duba, gama a cikin sana'ar nan akwai mas'alar da ta shafi duk wanda ya taɓa sayen iri. Mai sayen albasar tulif yana ba da kuɗinsa ne a kan abin da ba ya iya gani, kuma ba zai san ko an cuce shi ba sai bayan watanni, sa'ad da gyara ya wuce. Yadda mutanen Holan suka faɗa rami a kan wannan, da yadda suka fito, shi ne abin lura.

Asalin tulif ba na Turai ba ne. Tsiron jeji ne na duwatsun tsakiyar Asiya, inda ƙanƙara kan rufe ƙasa da sanyi, sa'an nan bazara ta zo da zafi da fari. Farisawa da Turkawa ne suka fara shigo da shi lambu, sunansa a bakinsu lale, ba lallen ƙunshi ba, ba kuma lale marhabin ba. Masu ilmin hisabi za su so su ji wannan: in aka rubuta lale da baƙaƙen Larabci, lam ne da alif da lam da ha, watau baƙaƙen nan huɗu da ke cikin sunan Allah da kuma kalmar hilal, lissafin kowanne 66. Sabo da haka ne Turkawa suka yawaita zana furen a tangaran na bangon masallatan Santambul. Sunan da Turawa suka ba shi kuwa ya samo asali ne daga kalmar Turkanci ta yadin rawani. Sarakunan Usmaniyya sun so shi ƙwarai, har shekarun 1718 zuwa 1730, zamanin Sarki Ahmadu na uku, aka zo ana kiransu zamanin lale. Amma tun kafin wannan albasar ta riga ta ƙetara Turai, kuma a 1593 wani masanin tsirrai, Carolus Clusius, ya je da ita lambun jami'ar Laidin a ƙasar Holan, ta yi fure a 1594. Ƙasar mai rairayi ce a gefen teku, ga sanyi mai tsawo ba mai kisa ba, sai albasar ta karɓi wurin. A 2019 gonakin tulif na Holan sun haura hekta 14,000, ba wata ƙasa da ta kama ƙafarsu.

Abin da baƙo ba ya ganewa shi ne sana'ar kashi biyu ce, kuma mai kashi na fari ba ruwansa da fure. Manomin albasa yakan shuka a Oktoba ko Nuwamba, ta kwana cikin ƙasa duk tsawon sanyi, ta yi fure a Afrilu. A sa'an nan ne gonaki kan zama kamar an shimfiɗa dardumai, mutane su taho daga ƙasashe don kallo. Bayan 'yan kwanaki sai manomi ya shigo da injinsa ya fille kan furannin nan duka, su zube a kwari tsakanin kunya. Masu kallo su yi ta salati, shi kuwa ko a jikinsa, domin ya san in ya bar furen ya yi 'ya'ya, abincin da ganye ke tarawa can zai tafi, albasa ta rame. Duk manomin albasa na Aliero ko na Galmi ya san wannan ba sai an karanta masa ba, wadda ta yi zangarniya kanta ba ya cika. Furen da manomin Holan ya bari ya buɗe na 'yan kwanakin nan, ya bar shi ne don ya duba ko irin bai gauraya ba, ya kuma tumɓuke masu ciwo. Da can mutane ne ke bin kunya kunya suna nema da ido, yanzu har da wani inji mai kyamara yana taya su.

A Yuni da Yuli, in ganye ya bushe, sai a tone. A nan za a tarar uwar da aka shuka ta ƙare sarai, ta bar 'ya'ya, babba guda da ƙanana biyu ko uku. A shanya, a ɓare, a rarrabe bisa girma, ma'aunin kuwa shi ne kewayen cikin albasar da santimita. Wadda ba ta kai 10 ba takan koma gona ta ƙara shekara. Daga 10 zuwa 11, da 11 zuwa 12, da 12 zuwa sama, su ne na sayarwa, kowanne da kuɗinsa. Gonar da aka tone kuwa ba a sake sa mata tulif sai bayan kamar shekara shida, don ciwon da kan zauna a ƙasa, shi ya sa manoman kan yi ta hayar gonakin masu shanu da masu dankali, bana nan, baɗi can. Wanda kuma ya so ya fid da sabon iri daga ƙwayar 'ya'yan fure, sai ya jira shekara biyar zuwa bakwai kafin ya ga furen fari, sa'an nan ya yi ta riɓanya albasar har kusan shekara ashirin kafin ta isa a kai ta kasuwa. Mai gaggawa ba ya wannan noma.

Kashi na biyu shi ne na mai fid da fure, wanda ke sayen albasa wurin manomi. A nan ne abin al'ajabi yake. Albasar da aka tone, a ido kamar matacciya take, alhali kuwa aiki take yi a ɓoye. In aka ajiye ta a ɗaki mai ɗumi, kamar daraja 20 a ma'aunin zafi, da iska mai ratsawa, sai ta ƙera furen baɗi a cikin cikinta, ƙarami ƙwarai, da ganyensa da kome nasa. Wajen Agusta sai a ɗauki 'yan kaɗan daga kowane kashi a tsaga da aska, a duba da gilashin ƙara girma, a ga ko furen ya kammala. Sai ya kammala ne a kan shigar da albasa ɗakin sanyi, a daraja 9 ko 5, daga baya ma a sauko ƙasa da haka, mako 12 zuwa 16, wani irin har ya fi. Daraja 9 ɗin nan, sanyi ne wanda Kano ba ta kan gani sai da asuba a tsakiyar hunturu, shi ma ba kowace shekara ba, ga shi kuwa ana bukatarsa dare da rana, wata uku zuwa huɗu ba yankewa. In sanyin bai cika ba kara ba ya miƙewa, sai furen ya buɗe can ƙasa tsakanin ganye, ko ya bushe tun yana toho. In an yi gaggawar sa ta a sanyi tun furen bai kammala ba, shi ma ɓarna ce.

Watau dai ana ruɗin albasar ne, a nuna mata sanyi ya zo ya wuce tun lokacinsa bai yi ba. Da wannan dabara ce ake samun tulif a kasuwa daga Disamba har Mayu, alhali a gona ba ta fure sai Afrilu. Mafi yawan masu sana'ar a Holan yanzu ba sa ma sa ta a ƙasa. Sukan kafa albasa a kan 'yan tsinkaye cikin faranti, su zuba ruwa ya taɓa gindinta, ta yi saiwa cikin sanyi, sa'an nan a kai ta ɗakin gilashi mai ɗumi, cikin kamar mako uku fure ya nuna launi. Tun bai buɗe ba a kan tumɓuke shi da albasarsa, inji ya yanke albasar, a ɗaure furen, a kai gwanjo irin na garin Alsmir, inda kuɗi kan faro daga sama yana saukowa, wanda ya fara tsayad da shi ya ɗauka. Albasar da aka yanke kuwa ta zama taki, ƙarfinta ya ƙare. Don watannin da albasar Holan ba ta shirya ba, sai a yi odar ta Niyu Zilan da Cili, inda sanyinsu ke zuwa sa'ad da Turai ke zafi.

To, mai karatu ya dubi halin mai sayen nan. An ajiye masa albasa biyu, girmansu ɗaya, ɓawonsu ɗaya. Guda ta sha sanyinta cif, guda wutar ɗakin ta ɗauke mako biyu ba a faɗa ba. Guda ta zo lafiya, guda ta kwana cikin zafi a tashar jirgin ruwa furen cikinta ya mutu, za ta fid da ganye kore shar, babu fure. Guda sunan da aka rubuta a akwatin shi ne nata, guda kuwa an ce ja ce, sai ta buɗe rawaya ana jibi bikin da aka yi odar ja. Akwai kuma wata ruɓa da suke kira tsami, don warinta. Wadda ta kamu takan fid da wata iska da ido ba ya gani, iskar nan ta lalata furen lafiyayyun da ke kusa da ita cikin akwati, wake ɗaya ya ɓata gari. Cikin waɗannan duka, girma kaɗai ne mai saye ke iya aunawa da hannunsa, sai ruɓa in ta yi yawa hanci ya ji. Sauran duka labari ne, kuma labarin a bakin mai sayarwa yake.

Mutanen Holan sun taɓa mance wannan. A shekarun 1630 tulif mai zane, watau wadda launi biyu suka ratsa juna a jikinta kamar harshen wuta, ta zama abin gasa tsakanin attajirai, har ana auna albasarta da ma'aunin maƙeran zinariya. Da fari ba a ciniki sai da bazara, sa'ad da albasa ke hannu. Daga baya sai aka koma ciniki cikin sanyi, albasa tana ƙarƙashin ƙasa a lambun wani. A zauna a mashaya, a rubuta takarda, wane ya sayi albasa kaza wurin wane, za a biya in an tone. Mai saye bai ba da kuɗi ba, mai sayarwa bai ba da kaya ba, gobe kuma mai takardar ya sayar wa wani da riba. Su da kansu suka sa wa abin suna cinikin iska. Ran 5 ga Fabrairu 1637 aka yi gwanjon albasar wasu marayu a garin Alkmar, aka tashi da wajen gulda 90,000, albasa guda ta kai gulda 5,200, a zamanin da gwanin mai sana'ar hannu ke samun kamar 300 a shekara. A cikin wannan makon ne aka kira kuɗi a Harlem ba wanda ya taya, kasuwa ta rushe. Masu saye suka ƙi biya, aka yi ta ƙara, har a 1638 majalisar Harlem ta yanke cewa mai saye yana iya warware ciniki in ya biya uku da rabi cikin ɗari.

An daɗe ana ba da wannan labari da gishiri, wai ƙasar duka ta talauce. Wata malamar tarihi, Anne Goldgar, ta bi takardun kotunan lokacin, ta fid da littafi a 2007, ta nuna waɗanda suka shiga ba su da yawa, galibinsu masu hali ne, arzikin ƙasa kuwa bai girgiza ba. Abin da ya karye shi ne yarda tsakanin mutanen da suka san juna, maƙwabta da surukai, wanda ya yi alkawari ya ce bai san zancen ba. Wannan kuwa ya fi gishirin ban tsoro ga wanda ya san kasuwa, domin fatauci da yarda yake tafiya.

Malamai za su gane inda ɓarakar take tun kafin a faɗa. Ɓuyar albasa cikin ƙasa ba ita ce illar ba, gama malaman Malikiyya sun halatta sayad da abin da ke ɓoye a ƙasa, kamar albasa da karas, in ya nuna, aka ga ganyensa, aka tona kaɗan aka duba, ko da yake Shafi'iyya sun ce sai an tone. Jinkirin kaya ma ba shi ne ba, ga cinikin salam nan, a biya kuɗi tun da fari, a siffanta kaya da awonsa da lokacinsa. Abin da aka yi a Harlem bai shiga ko ɗaya ba, bashi ne aka sayar da bashi, a kan kayan da ba wanda ya isa ya siffanta shi. Dalili kuwa, zanen nan da ake tsada dominsa ba ya tabbata, albasar da ta yi shi bana tana iya canza shi baɗi. Sai a 1928 wata masaniya a Ingila, Dorothy Cayley, ta tabbatar ciwo ne ke kawo shi, daga baya aka gane wasu 'yan ƙwari masu tsotson ruwan ganye ne ke ɗaukarsa daga tsiro zuwa tsiro. Ashe dai mafi tsadar albasar ita ce marar lafiya, shi ya sa ma 'ya'yanta ba sa yawa. Irin wadda aka saya da kuɗin gida a 1637, ita ce yau ake bin kunya ana tumɓukewa. Masu zane da ke kasuwa yanzu iri ne lafiyayye wanda zanensa ya zauna.

Abin yabo ga mutanen nan shi ne ba su bar sana'ar ba, ba su kuma bar cinikin gaibu ba, don ba ya baruwa. Har gobe mai fid da fure yakan yi odar albasarsa tun tana gona. Abin da suka yi shi ne suka ɗaure gaibun da awo da shaida. Ƙungiyar manoman albasar fure, wadda aka kafa a 1860, ita ke riƙe da littafin sunayen iri, kowane suna da siffarsa a rubuce, ba mai ƙaga wa tsohon iri sabon suna. Akwai hukumar dubawa wadda ma'aikatanta ke shiga gona su ƙidaya masu ciwo, su ba kowane kashi darajarsa. Takardar ciniki takan faɗi iri, da girma, da irin sanyin da aka ba albasa, da ranar da ya kamata a dasa ta. Duk da haka sama ba ta sa hannu a takarda. Shekarar 2023 ta zo wa Holan da ruwan da ba a taɓa auna kamarsa ba, gonaki suka jiƙe, shuka ta makara, albasa ta yi ƙaranci ta yi tsada a 2024. A irin wannan shekara, wanda ya daɗe da manominsa shi ya fi kusa da samun kaya, mai bin araha daga hannu zuwa hannu kuwa sai abin da ya rage.

Ba a ce sana'ar ba ta da aibi ba. Maƙwabtan gonakin suna kuka da yawan feshin magani, ɗumama ɗakin gilashi yana cin iskar gas, wanda tsadarsa a 2022 ta matse su ƙwarai. Mai cewa ƙasar noma ta fi cancantar abinci shi ma yana da magana, kuma mutanen Holan sun ɗanɗana ta: a sanyin 1944 zuwa 1945, ƙarshen yaƙin Hitila, yunwa ta kashe musu wajen mutum 20,000, har aka dafa albasar tulif aka ci don dole. Amma wannan wani zance ne.

Saura ɗan kasuwar ƙasar Hausa wanda ya ga hoton gonakin nan a wayarsa, ya ga kuma yadda ake kashe kuɗi a kan fure a bukukuwan manyan birane, zuciyarsa ta raya masa ya yi odar albasa ya shuka a fadama. Ya sani cewa Kenya da Habasha, waɗanda ke cika jiragen sama da fure zuwa Turai, kuma suna da tuddai masu sanyi, a kan wardi suka kafa kasuwarsu, don shi ba ya bukatar wata huɗu na sanyi. Ko Jos, da dare ne take sanyi, rana na fitowa ƙasa ta yi ɗumi. Abin da zai yiwu kaɗai shi ne a sayo wadda ta riga ta sha sanyinta, a kawo ta cikin sanyi, a dasa a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, a cire fure sau ɗaya, baɗi a sake saye, domin a ƙasa mai zafi ba ta barin 'ya'yan kirki. Wanda ya yi lissafin wannan ya ga zai fita, to, kafin ya tambayi kuɗi ya tambayi sunan iri da girmansa, da mako nawa ta yi a sanyi da kuma daraja nawa, da takardar lafiyarta, da wanda zai ɗauki hasara in akwati ya tsaya a tasha. Tambayar ƙarshen nan ita ce mai nauyi, domin akwatin da ya kwana bakwai a rana yana jiran a sa hannu a takarda, in aka buɗe za a ga albasa sumul, ba tabo ba wari. A dasa, ta tsiro, ta yi ganye, a yi ta ban ruwa ana jiran fure. Sa'ad da za a rubuta wa mai sayarwa, sai ya aiko da kwafin takardarsa, ga darajar sanyin da ya ce a riƙe ta a kai a rubuce, ga ranar da kayan suka bar hannunsa lafiya.